Yadda ake gane habbatus sauda ta gaskiya kafin a saya

Habbatus sauda ba ta da wuyar ganewa. Matsalar ita ce yawancinmu da ido kawai muke saye, mu ga baƙar ƙwaya a leda mu miƙa kuɗi. Ga shi kuwa irin albasa da baƙin riɗi duk baƙaƙe ne, girmansu ma kusan ɗaya da nata.

Ɗebi rabin ƙaramin cokali ka baza a farar takarda, a wuri mai haske. Ta gaskiya tsawonta milimita 2 zuwa 3, tana da kusurwa uku, baƙinta ba ya ƙyalli, jikinta kuma da kaushi. Riɗi shi a baje yake, sumul. Irin albasa ne ya fi ruɗa mutane, amma in ka ƙura ido za ka ga a yamutse yake, gefensa a lotse.

Kafin ka kai ko ƙwaya ɗaya baki, duba ko akwai wata mai siffar ƙoda, faffaɗa, da ta ɗan fi sauran girma. Haka 'ya'yan zaƙami suke, kuma guba ne: suna busar da baki, su buɗa ƙwayar ido, su gigita mutum. Ka ga ɗaya, bar kayan gaba ɗaya. Tsincewa ba za ta ba ka tabbas ba.

Sai fasawa. Murƙushe ƙwaya 10 da bayan cokali a kan takardar. Cikinta fari ne mai maiƙo, zai bar tabon mai, ƙamshi mai ƙarfi ya bugi hancinka nan take. A harshe ɗaci ne da ɗan yaji da ke kai wa maƙogwaro. In ƙamshin ya mutu, ko ya koma warin tsohon mai, ta daɗe a ajiye ko ta sha zafin rana. Goga wasu da jiƙaƙƙen farin ƙyalle; in ya yi baƙi, akwai rini ko datti.

Mai sarin buhu ya ƙara da gwajin tsiro: ƙwaya 20 a ƙyalle mai danshi, a jira kamar mako 2. Habbatus sauda da ganye biyu take fitowa, albasa kuwa zare ɗaya ne a lanƙwashe.

Garinta dai ban ba da shawarar a saya ba, don yawancin waɗannan alamu sun ɓace a injin niƙa. Sayi ƙwaya, zuba a kwalba mai murfi a inuwa, ka riƙa daka na mako ɗaya kawai.