TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 7: Rawani biyu

Salamu alaikum jama'a. Wancan makon na ce yau zan shiga zancen tafiyata makarantar kwana, to ku yi min haƙuri, maganar kakana Malam ce ta tsaya min a rai tun ran Juma'a da wani dattijo ya riƙe hannuna a wajen ɗaurin aure ya ce ai kai jikan wanda ya ɗaure mu ne. A gaban mutane fa! Abin da ya wuce shekara 60.

Malam dai Makarantar Shari'a ta Kano ya yi, wadda aka buɗe a 1934 da malamai daga Sudan, ya daɗe yana muhuti kafin a ba shi alƙalanci, kuma har maƙiyansa ba su taɓa cewa ya karɓi ko kwabon wani ba. Sai zaɓen 1951 ya zo, irin na hawa-hawan nan da ake zaɓen wakilai su kuma su zaɓi na sama, manya suka ce shi za a tura majalisa Kaduna. Inna ta ce masa Malam rawani biyu ba sa zama a kai ɗaya, bai ji ba.

To ga jam'iyyar adawa ta NEPU ta taso tun 1950, kotun alƙali kuma a hannun En'e take, 'yan doka su kamo yaro wai ya yi lacca ba izini ko ya zagi sarki, a kawo shi gaban mutumin da jiya-jiya yake zaune a Lugard Hall, zauren majalisar Kaduna, cikin 'yan jam'iyyar NPC ta masu sarauta, yaya za a yi yaron ya yarda an masa adalci? Ya ɗaure wasu, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya sallama da yawa fa, har aka kai ƙararsa fada, wannan ba mai faɗa, shi ne abin da yake min ciwo wallahi.

Ni na taso ne ya riga ya tsufa, dokar hukunta laifuka ta Penal Code ta 1960 ta zo, daga baya sojoji suka ƙwace kotuna daga En'e. A zaure yake wuni da Risala a hannu. Ranar da Yaya Babba ya ce zai tsaya takarar kansila alhali yana aikin kotu, Malam bai ɗago kai ba, cewa kawai ya yi je ka tambayi Inna zancen rawani.

Dattijon nan ban ce masa komai ba, har yanzu ina jin haushin shirun da na yi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.