Wa Ya Gani, Wa Ya Ji: Abin da Tarihin Tafawa Ɓalewa Ya Koya Mini

Haɗa shirin tarihi nake yi a wani gidan rediyo a nan Bauchi, kuma babu sunan da ya fi yawan zuwa teburina kamar na marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kowane Janairu sai mun waiwaye shi. A kansa na gane cewa yawan masu faɗin magana daban, yawan shaidu daban. Sai ka buɗe shafi goma a intanet ka tarar da zance guda, har kuskuren rubutun iri ɗaya ne. Mutum ɗaya ya rubuta, saura suka kwafa.

Ga misali na kusa. Matasa da dama na rubutawa a Facebook cewa shi ne shugaban ƙasar Najeriya na farko. Firayim Minista ne, tun 1957. Nnamdi Azikiwe ne ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba 1963 da aka koma jamhuriya, amma gudanar da gwamnati na hannun Tafawa Ɓalewa. Shugaban ƙasa zaɓaɓɓe mai cikakken iko sai a 1979 aka samu, wato Alhaji Shehu Shagari.

Irin waɗannan ba sa wahalar tantancewa. Karatunsa a Kwalejin Katsina, koyarwarsa a Midil ta Bauchi, tafiyarsa Landan ƙaro ilimi a 1945, duk a rubuce suke. Jawabinsa a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960, lokacin da Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta, yana nan a ajiye. Ziyararsa Amurka a Yulin 1961 da ganawarsa da shugaban ƙasar, John Kennedy, kuwa har hoton bidiyo akwai.

Inda aikin ke da nauyi shi ne rasuwarsa. Abin da kowa ya yarda da shi kaɗan ne: sojoji sun ɗauke shi daga gidansa a Legas a daren juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, bayan wasu kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas, aka kawo shi Bauchi aka binne. Shekara da shekaru abin da aka sani shi ne harbe shi aka yi. Sai a 2010 tsohon minista Matthew Mbu ya fito ya ce ciwon asma ne ya yi ajalinsa a hannun sojojin. Jaridu suka ɗauka, magana ta bazu, har yau ana turo mana ita a waya a matsayin sabon bincike.

Wani dattijo da na tarar a wurin aiki, wanda ya yi karatun zaure kafin na boko, shi ya nuna mini yadda ake tunkarar irin wannan. Ya ce, "Ɗana, yi mata abin da malaman hadisi ke yi. Bi isnadinta. Wa ya gaya masa, shi kuma wa ya gaya masa?" Da na bi, sai ga shi Mbu ba ya wurin. Ya ce daga marubucin waƙoƙi Christopher Okigbo ya ji, shi kuma daga Manjo Emmanuel Ifeajuna. To Ifeajuna shi ne ya jagoranci ɗauke Firayim Ministan, wato mutumin da ya fi kowa buƙatar a ce ba kisa aka yi ba. Shi da Okigbo kuma duk sun mutu tun 1967, babu mai komawa ya sake tambayarsu. Ba mu jefar da zancen ba. Mun faɗe shi a shirin tare da sunayen waɗanda ya ratso ta bakinsu, muka bar mai sauraro ya auna.

Wannan awon ya shafi na kusa da mu ma, kuma a nan ne ya fi mini wuya. Mu mutanen Bauchi muna ƙaunar bawan Allahn nan, ni ma haka. Gudun duniyarsa sananne ne, wanda ya ziyarci kabarinsa ya ga 'yan kayan da ya bari zai shaida. Amma ƙauna kan sa a ƙara wa miya gishiri: a saka masa maganar da babu ranar da ya faɗe ta, babu wurin, babu wanda ya ji. Irin wannan ba na sa shi a iska, komai daɗinsa, domin ranar da aka kama ƙarya guda, gaskiyar da ke gefenta ma sai a fara shakkarta. Ko littafin da Trevor Clark ya wallafa a kansa a 1991, duk da zurfinsa, ina karanta shi ne da sanin cewa marubucin jami'in mulkin mallaka ne da ya san shi, yake kuma girmama shi.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne dattawan da suka gan shi da idonsu suna ta ƙarewa. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1966 yau ya doshi 80. Shi ya sa duk wanda muka samu muke zama da shi mu naɗi muryarsa, kuma kafin ya fara ba da labari nakan ce, "Baba, a lokacin kana ina, kana wane aiki? Wannan da idonka ka gani, ko gaya maka aka yi?" Da yawansu ba sa jin haushin tambayar. Su da kansu suke rarrabe mana, mu kuma mu rubuta kowanne a gurbinsa tare da ranar da aka yi hirar.