Asusun Duna

Ranar da na ga jini yana ɗiga daga hancin karena Duna, kuɗin da ke aljihuna bai kai jika uku ba, kuma da sauran kwana tara wata ya ƙare. Cikin Afrilu ne, lokacin da zafin Damagaram yake wuce digiri 40, ko kaza ba ta fita rana. Kwana uku ke nan yana ƙin abinci, yana kwance gindin randa inda ƙasa take da sanyi, ni kuwa ina ta ce wa kaina zafi ne, zai warware. Sai da Baba mai gadin garka ya ɗaga leɓensa ya nuna mini dasashinsa ya yi fari fat kamar takarda, sannan gabana ya faɗi.

Duna karen Jamus ne, irin da ake ce wa berje. Wani direba ya kawo mini shi daga Kano yana ɗan kwikwiyo, bayan an shiga garkata da ke hanyar Mirya har sau biyu an kwashe mini awaki, aka haɗa da injin ban ruwa. Don gadi na kawo shi, abin da malamanmu suka ce babu laifi idan don tsaron dabbobi ko shuka ne. Amma wanda ya yi kiwon kare ya san yadda abin yake komawa. Dabbar da take jin ƙarar babur ɗinka tun daga nesa ta zo bakin ƙofa tana jiranka, ba za ka ga tana aman jini ko haɓo ka kau da kai ba. Amana ce, kai ka ɗaure ta, kai za a tambaya.

Da ƙyar muka samu mai adaidaita da ya yarda ya ɗauke mu. Biyu sun tsaya, da suka ga girman karen suka wuce. Likitan dabbobi ya duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, ya ciro kaska ƙoshassu guda shida ya jera mini a kan tebur. Ya ce ciwon da kaska take sawa ne, yana cinye abin da ke sa jini ya daskare, shi ya sa haɓon, kuma karnukan Jamus sun fi sauran jigata da shi. Daga nan ya ɗora shi a sikeli: kilo 36.

A wannan sikelin na fara gane abin da ban taɓa tunani ba. Maganin dabba da nauyi ake auna shi. Ƙwayar da ya rubuta, doksisiklin, miligiram 10 ake bayarwa a kowane kilo kullum, har kwana 28. Karen unguwa mai kilo 12 ƙwaya ɗaya da ɗan ɓari ta ishe shi a rana; Duna sai uku da rabi. Haka maganin tsutsar ciki, haka maganin kaska, haka allurar barci idan za a yi aiki. Duk abin da mai ƙaramin kare zai kashe, kai mai babba ka ninka sau uku. A ranar sai da na je wurin wani abokina a kasuwar Dole na ranci kuɗi, abin da na daɗe ban yi ba.

Da daddare na kira ƙanena da ke aiki a Faransa, ina ba shi labari. Shi ma yana da kare a can. Ya ce, "Yaya, ai ni inshora nake biya masa duk wata. In ya yi ciwo su suke mayar mini da yawancin kuɗin." Ni inshorar da na sani ita ce asurans ɗin babur da mota, wadda ake nuna wa jami'ai a hanya. Ashe a Turai tsohon abu ne. A Suwidin tun 1924 aka fara yi wa kare. Na ce ya turo mini takardun in gani da idona. Ya turo nasa, ya haɗa da na wasu kamfanoni biyu da ya duba kafin ya zaɓa. Na yi sati biyu ina karanta su bayan sallar isha'i, Duna yana murmurewa.

Abin da aka rubuta da manyan haruffa shi ne kuɗin wata da kason da za a mayar maka, daga kashi 50 har zuwa kashi 100 cikin ɗari. Amma zancen yana cikin ƙananan rubutu na shafukan baya. Da farko kai ne za ka biya likita daga aljihunka, ka aika takarda, sannan a mayar maka. Akwai iyakar abin da za su biya a shekara, in ka kai nan sauran naka ne. Akwai wani kaso da suke cirewa kafin su fara lissafi. Akwai kuma lokacin jira: ka sa hannu yau, kana biya, amma ciwon da ya taso cikin makonnin farko ba ruwansu, na tiyata ma jiran yakan kai watanni. Duk ciwon da kare ya taɓa yi kafin a sa hannu an cire shi. Wato da a ce na samu mai yi mini a lokacin, ciwon kaskar nan, wanda yakan iya dawowa, ba ya ciki.

Inda na fi daɗewa shi ne maganar kwankwaso. Manyan karnuka, musamman irin Duna, suna da ciwon gado inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai cikin gurbinsa. Yana farawa tun suna girma, daga baya ka ga kare yana tashi da ƙyar, yana haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo in zai yi gudu. Wannan shi ne ciwon da mai babban kare ya fi tsoro, kuma shi ne biyu daga cikin takardun uku suka ce ba sa biya, saboda na gado ne. Ta ukun ta yarda, amma da sharaɗin an yi wa karen rajista tun yana ɗan ƙarami. Na kira ƙanena na ce ya buɗe shafin da ke maganar a tasa takardar. Ya yi shiru yana karantawa, sannan ya ce, "Wallahi Yaya ban taɓa kai nan ba." Shekara biyu yana biya. Daga baya ya canza, ko da yake sai da ya sake zaman jira daga farko.

Akwai kuma shekaru. Babban kare yana saurin tsufa. Berje in ya kai shekara 10 zuwa 13 ya yi tsawon rai. Kamfanonin sun san haka, shi ya sa suke da shekarun da in kare ya wuce ba sa karɓarsa sabo, kuɗin watan kuma yana hawa yadda karen yake manyanta. Abin da ƙanena yake biya ya kai yuro 30 a wata. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ka ga kusan jika 20 ke nan. A nan gidaje nawa ne jika 20 take riƙe musu cefane na kwanaki?

Duk da haka na fita nema. Na shiga ofisoshin inshora uku a cikin gari. An karɓe ni da mutunci, amma ko'ina amsar ɗaya ce: mota, gobara, kayan fatauci, lafiyar ma'aikata, ban da lafiyar kare. Wani dattijo a ofis na ƙarshe ya zaunar da ni ya ba ni ruwa, ya ce, "Malam, abin da ya kamata ka tambaya ba shi ka tambaya ba. In karen nan ya kuɓuce ya ciji ɗan maƙwabci, ko ya kayar da mai kabu-kabu, wa zai biya?" Ya yi mini bayanin inshorar da take ɗaukar ɓarnar da mutum ko dabbarsa suka yi wa wani. A Faransa ma doka ta wajabta irinta ga masu wasu karnuka, kamar rotwaila. Maganarsa ta zauna mini, don kare mai kilo 36 in ya ture yaro kawai ya isa a kwana asibiti. Ita kaɗai na yanka a takarda, na kuma ƙara wa katangar garka bulo layi biyu.

Batun lafiyarsa kuwa, uwargida ce ta warware shi. Ina ta juya takardu ta ce, "Malam, wannan duk ba asusu ba ne? Ka zuba lokacin lafiya, ka ɗiba lokacin ciwo. To ka yi naka mana." Washegari na sa maƙeri ya yi mini ɗan akwatin ƙarfe da kwaɗo, makullin yana hannunta. Duk ranar da aka yi albashi jika biyar take shiga kafin a sayi komai. Na ɗauko dokokin kamfanonin nan na ɗora wa kaina: ƙaramin abu kamar sabulun wanka ko maganin tsutsa daga aljihu yake fita, akwati sai babban ciwo. Na san bambancin. Kamfani yana haɗa kuɗin mutane da yawa, saboda haka ko a wata na bakwai babban abu ya same ka zai iya ɗauka. Akwatina kuwa abin da na zuba shi zan tarar. Wannan raunin yana nan, ban ɓoye wa kaina ba. Na yi ƙoƙarin jawo wasu masu manyan karnuka mu uku mu yi kamar adashe, amma ba mu daidaita kan wanda zai riƙe kuɗin ba, maganar ta mutu.

Na karya dokar sau ɗaya, kuma na ji a jikina. Babbar sallah ta matso, rago ya yi tsada, na lallashi uwargida ta ba ni makulli da alkawarin zan mayar. Ban mayar ba har damina ta sauka. Cikin Agusta Duna ya taka fasasshiyar kwalba ya tsage tafin ƙafa, sai an yi ɗinki da allurar barci, ita ma gwargwadon nauyinsa. Na buɗe akwati na tarar da jika huɗu. Na sake komawa rance. Tun daga ranar ban ƙara tambayar makullin ba.

Da na zauna da likita muka yi lissafi, sai na ga yawancin abin da zai iya cinye akwatin ana iya tare shi da ɗan kuɗi kaɗan. Kaska ita ce babbar abokiyar gaba a garkar da ke da awaki, don haka duk yamma Baba yana bin kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu, maganin kaska kuma ba ya wuce lokacinsa. Allurar haukan kare ba ta cikin abin da ake jinkirtawa. Ana fara ta tun kwikwiyo yana wata uku, ana sabuntawa, likita yana buga hatimi a ɗan littafinsa. Wannan ba don Duna kaɗai ba ne. Ciwon yana kashe mutane kusan 59,000 a duniya duk shekara, kusan duka daga cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana ba a tashi. Na koya wa yarana da Baba: in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba sai an ga abin da zai faru ba.

Abu ɗaya ne likita ya ce kuɗi ba za su cece ni ba, ko na akwati ko na kamfani. Karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu yakan cika da iska ya murɗe. Kare ya yi ta yunƙurin amai babu abin da ke fita, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, cikin ƴan awoyi ya mutu in ba a buɗe shi ba. Ya ce mini a fili, "Malam, ba ni da kayan wannan aikin a nan, Yamai kuwa kusan kilomita 900 ce. Ka hana shi faruwa." Da can sau ɗaya muke ba shi abinci, kwano cike da tuwo da romon ƙashi, ya hanɗame cikin minti biyu ya tashi da gudu. Yanzu an raba biyu, safe da yamma, kuma ba ya gudu sai ya huta bayan ci. Likita ya hana ni barinsa ya yi ƙiba saboda kwankwaso. Ya ce in shafa gefensa in ji haƙarƙari a ƙarƙashin hannuna, to daidai yake. Ya kuma gargaɗe ni kan magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, waɗanda suke huda cikin kare su lalata ƙoda. Na tuna a kwana ukun nan na farko saura kaɗan in ba shi.

Wani lokaci nakan ga karnukan Azawak na Buzaye, dogaye, sirara, gashi kaɗan, waɗanda aka halitta don wannan ƙasa da zafinta, in ce da na san abin da na sani yanzu da irinsu na nema. Duna da gashinsa mai kauri bazara wahala ce gare shi. Mun yi masa rumfar zana gindin mangwaro, ruwansa ba ya yankewa ko a makonnin da famfo ya ɗauke muke saye wurin ƴan ga-ruwa.

Yanzu shekararsa biyar. Watan jiya na lura yana ɗan jinkiri kafin ya miƙe da safe, ƙafar baya ta hagu yake fara gwadawa. Likita ya taɓa, ya lanƙwasa, ya ce mu sa ido, mu rage masa kilo biyu, in bai sauya ba a nemi inda za a ɗauki hoton ƙashin. Da na dawo gida uwargida ta ɗauko akwatin ba tare da na tambaya ba, muka zazzage a tabarma muka ƙirga: jika 85. Ta mayar, ta kulle, ta ce daga wannan watan mu mai da zubin jika bakwai.