Yau na sa riga da kaina

Da safen nan na ɗaga hannu na zura riga ban kira kowa ba. Sai da na gama na tsaya cak, ina kallon kafaɗar kamar ba tawa ba. Wata goma tana sandare, da dare ko juyi ba na iyawa.

Mako uku ke nan da aikin da aka yi min a kafaɗar. Babu yanka. Siririn bututu likita ya bi da shi ta jijiyar wuyan hannuna har kafaɗa, ya toshe ƙananan jijiyoyin jinin da suka tsiro suna rura kumburin. Idona biyu aka yi, ranar na koma gida. Har yanzu hannun bai kai bayana ba, sai a hankali da motsa jiki. Amma wallahi rabon da sa riga ya faranta min rai haka tun ina yaro.