Van Gogh: Daga Kwanon Dankali Zuwa Dare Mai Taurari

A makon jiya ɗiyar yayata ta zo gaishe ni, ta kifa wayarta a kan tabarma, sai idona ya faɗa kan rigar wayar: wani sararin sama shuɗi mai murɗe-murɗe kamar guguwa, da taurari manya-manya, da wata mai siffar lauje a kusurwar dama. Na tambaye ta ko ta san wanda ya zana shi. Ta ce a kasuwar waya ta Farm Centre ta saye ta saboda launin ya burge ta, sannan ta ƙara da cewa, "Kawu, ai an ce zanen wani mahaukacin Bature ne da ya yanke kunnensa." Ban yi mata musu ba, domin batun kunnen gaskiya ne, rashin lafiyar ma gaskiya ce. Sai dai maganar ta tsaya mini a rai, saboda na daɗe ina kallon zane-zanen Vincent van Gogh a littattafai da intanet, kuma abin da nake gani a cikinsu hannun mai sana'a ne, wanda ya sha wahala kafin ya ƙware, yake kuma auna launukansa kamar yadda marini yake auna abin da zai zuba a ramin rini.

An haife shi ranar 30 ga Maris, 1853, a ƙauyen Zundert da ke kudancin ƙasar Holan, mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi aiki a kamfanin dillancin zane-zane, ya ɗan taɓa koyarwa a Ingila, ya kuma je wa'azi cikin masu haƙar kwal a yankin Borinage na Beljiyam, amma babu ɗaya da ya ɗore masa. Sai a 1880, yana da shekara 27, ya tsayar da zuciyarsa a kan zane, ya kuma rasu ranar 29 ga Yuli, 1890, yana da shekara 37. A cikin shekaru goman nan ya bar ayyuka fiye da 2,000, kusan 860 daga cikinsu da fentin mai. Duk wanda ya taɓa riƙe sana'ar hannu ya san cewa irin wannan adadi ba ya samuwa sai ga mutumin da yake sammako yana dare a bakin aiki. Ciwon nasa kuwa, idan ya taso, kwantar da shi yake yi har na makonni bai taɓa burushi ba, saboda haka yawancin abin da muke yabawa a tsakanin tashin ciwon ya yi shi, lokacin da hankalinsa yake kwance. Ƙaninsa Theo ne yake aiko masa da kuɗin abinci da fenti, shi kuma yana rubuta masa wasiƙu, fiye da 600 suna nan har yau, kuma a cikinsu ne yake bayyana dalilin da ya sa ya ɗora wannan launi kusa da wancan.

Zanen da na fi komawa gare shi ba ya hawa rigar waya, kuma ban ga alamar zai taɓa hawa ba. Shi ne "Masu Cin Dankali", wanda ya yi a garin Nuenen a 1885. Mutum biyar ne na gidan manoma zaune a ɗaki mai duhu, fitila ɗaya tana rataye a samansu, sun kewaye kwano ɗaya na dankalin Turawa yana tururi. Wata dattijuwa tana tsiyaya kofi a ƙananan kofuna, wata yarinya kuma ta ba mu baya, ba ma ganin fuskarta. Hannayensu duk gaɓoɓi ne da jijiya, fuskokinsu babu wani kyau da za a yi waƙa a kansa. Kafin ya fara wannan zane sai da ya shafe lokacin sanyi guda yana zana kawunan manoman garin ɗaya bayan ɗaya, har ya tara gommai. Ya faɗa wa Theo cewa so yake a gane cewa hannayen da suke sawa a kwanon su ne suka haƙa ƙasar da dankalin ya fito, kuma ya zaɓa wa fatarsu launin dankalin da ba a fere ba, da ƙurarsa a jiki.

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano kafin fitilun caji su cika gari zai gane wannan ɗaki. Na tuna tuwon dare a tsakar gidanmu, mu yara mun kewaye akushi ɗaya, fitilar ƙwai a gefe tana hayaƙi, haskenta yana kama goshi da ƙashin hanci ya bar sauran fuskar a duhu, kuma babu mai yawan magana sai ƙarar suɗe yatsu. Van Gogh ya kama wannan shirun daidai, shirun mutanen da suka gaji kuma suka saba da juna har ba sa bukatar kallon ido. Abokinsa mai zane, Van Rappard, ya kushe aikin saboda gaɓoɓin mutanen ba su tafi daidai ba, kuma idan aka duba da kyau yana da hujja. Ni dai kuskuren hannu a nan bai dame ni ba, tun da dai an ji ƙanshin abincin.

A 1886 ya koma birnin Faris wurin Theo, a can ya ga aikin masu zanen da suke ƙoƙarin kama hasken rana kamar yadda yake faɗowa a ido a wani ɗan lokaci, ya kuma tara hotunan ɗab'i na ƙasar Japan masu launi tas-tas. Shi da masu zane irin su Gauguin da Cézanne ana lissafa su a matsayin waɗanda suka biyo bayan wancan rukuni, suka karɓi haskensa, amma suka yi amfani da launi don faɗar abin da ke zuciya. Wani ɗan abu daga wannan zamani ya fi burge ni: yana da wani jan akwati da yake ajiye curin zaren ulu kala-kala, yana murɗa zare biyu tare don ya ga yadda za su zauna da juna kafin ya ɓarnatar da fenti mai tsada. Akwatin yana gidan adana ayyukansa na Amsterdam, wanda aka buɗe a 1973. Mai ɗinkin hula da ya tsaya a kasuwar Kurmi yana kara zare kusa da zare kafin ya biya kuɗi, abin da yake yi ke nan.

Cikin watan Fabrairu na 1888 ya gangara kudancin Faransa, garin Arles, inda rana take da ƙarfi, ya kama hayar wani gida mai fentin rawaya. A watan Agusta ya zana furannin nan masu bin rana a cikin tulu har kashi huɗu, don ya ƙawata ɗakin da Gauguin zai sauka idan ya zo zama tare da shi. Wanda yake Landan a yau kusan rawaya ne zalla: furanni rawaya, tulu rawaya, bango rawaya, teburi rawaya, amma kowanne da nasa zurfin, daga ruwan ɗorawa mai haske har zuwa launin busasshen kara. Wasu furannin sun buɗe, wasu sun fara yaushi sun sunkuyar da kai, wasu sun zubar da ganye sai curin iri. A jikin tulun ya sa hannu da sunansa na yanka kawai, Vincent. A 1987 wani kamfanin inshora na Japan ya sayi ɗaya daga cikin irin waɗannan zane-zane a kan kusan dala miliyan 40, alhali shi mai aikin, a shekarar da ya rasu, faran 400 aka ba shi a kan zanensa na jar gonar inabi, wanda wata mai zane 'yar Beljiyam, Anna Boch, ta saya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zanen ɗakin kwanansa, na watan Oktoba na 1888, shi ne ya kai ni karofin Ƙofar Mata. Ɗaki ne na talaka: gadon katako, kujeru biyu, ƙaramin teburi da butar ruwa, tawul rataye a ƙusa, madubi, da 'yan hotuna a bango. A wasiƙarsa ya jera wa Theo launukan ɗaya bayan ɗaya, ya ce bango shunayya ne mai haske, katakon gado da kujeru rawaya irin ta sabon man shanu, bargo ja, taga kore, kuma burinsa shi ne duk wanda ya kalla ya ji hutu da barci. To amma wanda ya duba zanen a yau bango shuɗi zai gani. Binciken da masu gyaran tsofaffin zane-zane suka yi ya nuna cewa shunayyar haɗin shuɗi da ja ce, jan kuma irin wanda haske yake cinyewa ne, shi ya sa ya koɗe ya bar shuɗin shi kaɗai. Rawayar da ya yi furannin da ita ma tana da nata halin, wani nau'inta yana rinewa ya koma ruwan ƙasa idan ya daɗe a haske. Ke nan abin da muke gani yanzu ya riga ya ɗan goce daga abin da ya bar hannunsa.

Na nuna wa wani dattijon marini hoton a wayata, yana zaune a bakin rami hannayensa shuɗi har gwiwar hannu, na ce, "Baba, an ce bangon nan da shunayya ne." Ya karɓa ya nisanta ta da idonsa, ya ce, "Malam, ai ja ba shi da amana, da ya sha rana shi ne farkon gudu. Shuɗin baba kuwa yana nan." Ya tsamo wani ƙyalle daga ramin, ya fito kore-kore, muna tsaye iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonmu. A wannan karofi, da ake cewa yana nan tun 1498, an daɗe da sanin cewa launi abu ne mai hali, wani mai haƙuri, wani mai saurin gajiya. Van Gogh ma ya sani, domin ya taɓa rubuta cewa zane yana koɗewa kamar fure, kuma yana ganin gara a zuba launi da ƙarfi tun da lokaci zai rage masa kaifi.

Zaman da ya yi da Gauguin mako tara kawai ya yi, ya ƙare da rigima, kuma a daren 23 ga Disamba, 1888, ya yanke kunnensa na hagu. A watan Mayu na 1889 shi da kansa ya nemi a kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali da ke Saint-Rémy, inda ya shekara guda ya yi zane kusan 150. A can ne, cikin watan Yuni, ya yi "Dare Mai Taurari", zanen nan na kan rigar wayar ɗiyar yayata, wanda yake birnin New York tun 1941. Tagar ɗakinsa gabas take kallo, da sandunan ƙarfe a jiki, kuma ya rubuta wa Theo cewa ya leƙa tun kafin fitowar rana bai ga komai ba sai tauraron asuba, ya yi girma ƙwarai. Wannan shi ne gamzakinmu, wanda duk mai fita sallar asuba ya san shi, kuma masu ilimin taurari sun tabbatar da cewa yana bayyana a gabas a wannan lokaci na shekarar. A zanen shi ne farin tauraron nan mafi girma da ke ƙasa-ƙasa, dama da doguwar bishiyar da ta miƙe kamar harshen wuta.

Sauran kuwa haɗawa ya yi. Da rana ya yi aikin, a wani ɗaki da aka ba shi a ƙasan ginin. Ƙauyen da ke kwance a gindin tsaunuka ba a hango shi daga tagar, kuma hasumiyar cocinsa mai tsini ta fi kama da na ƙasarsu Holan. Mutumin da ya iya ɗauko tauraro daga tagarsa, ƙauye daga wani wuri, hasumiya daga ƙuruciyarsa, ya jera su yadda bishiyar hagu za ta riƙe nauyin watan da ke dama, ya san abin da yake yi. Na ƙirga taurarin na samu goma sha ɗaya, ga wata da yake haske kamar rana, nan take mafarkin Annabi Yusuf ya faɗo mini, kuma akwai masana da suka yi wannan dangantawar, tun da shi ɗan limamin coci ne da ya san ƙissar sarai.

Abin da rigar waya ba za ta iya ɗauka ba shi ne kaurin fentin. Idan aka matso da hoton sosai a kwamfuta, za a ga kowane jan burushi ya bar tudu da kwari, kamar yaɓen tsohon gini a cikin birni inda har yanzu ake ganin sawun yatsun magini. Murɗe-murɗen sararin saman gajerun layuka ne da aka jera ɗaya kusa da ɗaya, shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, fari, ɗigon rawaya, kamar sakar da ba a matse ta ba. Shi kansa bai ɗauki zanen a bakin komai ba, yana ganin ya yi nisa da abin da ido ya gani. A nan na saɓa da shi, ko da yake idan aka ce in zaɓi ɗaya, har yanzu dankalin zan ɗauka.

Kwana saba'in na ƙarshe a Auvers ya yi su, kusa da Faris, yana gama kusan zane guda kowace rana. An daɗe ana cewa zanen gonar alkama da hankaki shi ne na ƙarshe, saboda duhun samansa ya dace da labarin mutuwa, amma masu bincike sun fi karkata ga wani zane na saiwoyin bishiya da bai ƙarasa ba. Ya rasu kwana biyu bayan harbin bindiga, Theo ya bi shi bayan wata shida, kuma matar Theo, Jo Bonger, ita ce ta riƙe zane-zanen da wasiƙun, ta yi ta kai su baje koli har duniya ta waiwayo.

Da ɗiyar yayata ta tashi tafiya, na buɗe mata "Masu Cin Dankali" a wayata. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsu biyu ta faɗaɗa hannun dattijuwar mai tsiyaya kofi, sannan ta gangara kan kwanon. Ta ɗago ta ce, "Kawu, su ma an ɗauke musu wuta ne?"