Takardar da na kashe da dutsen guga

Bayan rasuwar kakanmu, ana cikin kwashe kayan ɗakinsa aka buɗe wani akwatin ƙarfe. A ƙarƙashin tsofaffin rawuna na tsinci takardar sule goma ta zamanin Turawa, mai hoton bishiyar kwakwar manja a gaba, da rubutun ajami ɓaro-ɓaro a baya. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ce ta fitar da ita, wadda aka kafa a 1912, tun kafin Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da nasa fam a 1959. Kowa ya ce ba ta da amfani. Ni na sa ta a aljihu, kuma daga nan cutar tara tsofaffin kuɗi ta kama ni.

Ta yamutse, sai na ce bari in yi mata gata. Na shimfiɗa mata ƙyalle, na bi ta da dutsen guga har ta miƙe sumul. Da na kai wa wani dattijo mai sayar da tsofaffin kuɗi, bai ko ɗaga ta ba, babban yatsansa kawai ya goga a kai.

"Yaro, wa ya goge wannan?"

"Ni ne, Baba."

"To ka kashe ta."

Ya ciro 'yar Murtala ta 1977, naira ashirin, ya ce in rufe ido in shafa. Sai na ji kaushi-kaushi a kan fuskar marigayin da kan manyan haruffa. Ashe zanen ba shafa shi ake yi ba. Gwani ne ke sassaƙa shi a farantin ƙarfe, layi bayan layi, a cika ramukan da tawada, sannan inji ya danna takarda da ƙarfin gaske har tawadar ta tsaya a kanta kamar kunyar gona. Wannan tudun na murƙushe da hannuna.

Tun daga ranar na sayi gilashin masu gyaran agogo. Da shi za ka ga kumatun Murtala ba inuwa ba ce, ɗige-ɗige ne da siraran layuka masu gittawa juna. Curarren zanen nan na gefe kuwa, mai kama da aikin wuyan babbar riga, wani inji ne ke murɗa shi, layinsa ba ya yankewa. A jabu layukan cakuɗewa suke yi, su zama tabo. In ka ɗaga ta gaske a rana, ga zare a tsaye, ga hoton ɓoye a cikin jikin takardar.

Duk da haka wayo ya fi inji. A 1925 wani ɗan Fotugal, Alves dos Reis, ya yaudari kamfanin Waterlow na Landan da takardun ƙarya, suka buga masa kuɗin ƙasarsa da farantin gaske. Maimaituwar lambobin jikin takardun ce ta tabbatar da cutar. Shi ya sa nake rubuta lambar kowace takarda a littafi.

Yanzu ba guga, ba wanki, ba manna leda, kuma da damina ina raba su da bango saboda danshi. Sule goman kaka tana shafin farko, sumul, ko kwabo ba wanda ya taɓa taya ta.