Killaloe, Garin da Sunan O'Brien Ya Samo Asali

Daga tashar Heuston ta Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, na hau jirgin ƙasa zuwa Limerick, daga nan kuma na shiga mota na bi gefen kogin Shannon har Killaloe, a gundumar Clare. Ana yayyafi muka iso. Abin da ya fara tarbata shi ne tsohuwar gadar dutse mai baki 13, siririya ƙwarai, wadda ta haɗa garin da Ballina a ƙetare. Ruwan da ke bi ta ƙarƙashinta baƙi ƙirin, ga ƙananan jiragen ruwa a ɗaure suna rangaji.

Abin da ya kawo ni shi ne sunan O'Brien. Duk inda ka ji shi, Amurka ne ko Ostireliya, galibi asalinsa mutum ɗaya ne, wato Brian Boru, wanda aka haifa a wannan yanki wajen shekarar 941. Danginsa, Dál gCais, ba wasu manya ba ne a da. Da yaƙi da dabara ya ɗaukaka su, har ya zama sarkin sarakunan Ailan a 1002. An kashe shi a yaƙin Clontarf kusa da Dublin, ranar 23 ga Afrilu, 1014, yana tsoho tukuf, aka kai gawarsa birnin Armagh da ke arewa.

Shi kansa bai taɓa amsa sunan O'Brien ba. Jikokinsa ne suka fara kiran kansu Ua Briain, kamar dai mu ce jikan wane, sai sunan ya bi zuriyar har yau. Wannan ya burge ni matuƙa, domin ba gari ko sana'a suka jingina da ita ba, kakansu suka riƙe.

Na hau tudun da fadarsa Kincora take a da. Ko dutse ɗaya babu, coci ne a wurin yanzu. Wani dattijo da ke fitowa daga ciki ya ga ina dube-dube, ya tsaya muka gaisa. Na tambaye shi ina fadar, sai ya nuna kogi da sandarsa. Gaskiyarsa kuwa: kimanin shekara ɗari bayan rasuwar Brian, sarkin Connacht, wata masarauta a yammacin Ailan, ya rushe ta, ya zuba duwatsu da katakonta cikin Shannon. Na taka zuwa arewa da gari, wurin da ake kira Béal Ború, wanda shi ma ake dangantawa da Brian. Ganuwar ƙasa ce zagayayya, manyan bishiyoyi sun rufe ta, saiwoyinsu sun fito fili sun kama tudun, ganye jiƙaƙƙu kuma sun cika tsakiyarta.

Zuriyar ba ta durƙushe da faɗuwar fadar ba. Sun ci gaba da sarautar Thomond, wato masarautar wannan yanki, har 1543, lokacin da Murrough O'Brien ya miƙa wuya ga Sarki Henry na Takwas na Ingila, aka ba shi sarautar Ingilishi a madadin tasa. Sunan ma bai tsira ba. Ƙarƙashin mulkin Ingila gidaje da yawa sun yar da harafin O ɗin nan, sai a ƙarshen ƙarni na 19, da aka tashi farfaɗo da harshen ƙasar, mutane suka riƙa dawo da shi. Kashegari na biya ta Bunratty da Dromoland, gidajen sarautarsu biyu. Na farkon masu yawon buɗe ido ke shiga, na biyun kuwa otal ne tun bayan sayar da shi a 1962.

Da na koma Dublin sai na nemi mutum-mutumin William Smith O'Brien a titin O'Connell. Ɗan gidan Dromoland ne, amma a 1848, ana tsakiyar babbar yunwa, ya jagoranci bore a kan mulkin Ingila. Aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta, aka kore shi zuwa tsibirin Tasmaniya.